Wa Ya Haƙa Rijiya a Wata?

Kwanan baya wani saurayi daga cikin masu shagon hoton takardu na bakin tasha ya tsaya a rumfata, ya kalli yadda nake jan zare a kan kaki, ya yi dariya ya ce wai wannan aikin na minti biyar ne, gam da salatif kawai. Na ce masa Allah ya yi albarka. Ba a yi kwana goma ba sai ga shi da littafin lissafin ƙanwarsa a cikin leda. Ya dumbuza masa gam har ya koma bulo, ba ya buɗuwa ta gaba, ba ya buɗuwa ta baya, yarinya kuma jarrabawa gare ta jibi. To ku samarin da kuke ganin ɗinkin littafi wasan yara ne, bari in ba ku labarin yadda na shigo sana'ar nan, da yadda saura ƙiris a kore ni daga cikinta tun ban san hannun dama da na hagu ba.

Kayan aikin dai ba su da yawa, jaka ɗaya ta kwashe su. Akwai basilla, da allura biyu, da tsinken ƙarfe na huda, da aska, da zaren auduga, da dunƙulen kakin zuma. A kan kakin ake jan zaren don kada ya yanke takarda, kada kuma ya ruɓe da damina. Gam ɗinmu ba na kanti ba ne, garin rogo ake damawa a wuta, a zuba masa ruwan ɓawon maɗaci. In ka manta da maɗacin, to tuwo ka tuƙa wa kyankyasai, za su zo da iyalansu su ci su gode. Sai dutsen danni, wanda littafi ke kwana biyu a ƙarƙashinsa kafin a miƙa wa mai shi. Duk wannan yaro mai kai zai koya a wata uku. Abin da ba a koya a wata uku shi ne jera shafi, kuma a nan ne na sha kunya.

Maigidana Malam Garba mutumin Illo ne, amma a Bagudo ya zauna, rumfarsa tana layin dukawa a kasuwa. Asalin aikinsa gafaka da tadarishi, wato jakar fata da bangon da ake adana Alƙur'ani da littattafan malamai na rubutun hannu. Irin waɗannan littattafai ba a ɗinke su, warwara suke, kuma ba su da lamba. Abin da marubuci ke yi, a can ƙasan kowace takarda sai ya rubuta kalmar da takarda ta gaba za ta fara da ita. Malam yana kiran wannan kalma ɗan jagora. Ko iska ta watsa littafi a tsakar gida, in aka kwaso masa a zani, kafin la'asar ya bi ɗan jagora ya mayar da kowace takarda ɗakinta. Boko ne kawai bai sani ba, ga shi kuwa makarantu sun yawaita, ana ta kawo masa littattafan boko, har da na Faransanci da ake shigowa da su daga tsallaken iyaka ta Tsamiya. Dole ya nemi yaron da zai duba masa lamba. Ni ina aji biyar a lokacin, gidanmu yana bayan nasa, shi ya sa aka faɗo kaina.

Shekarar da na fara zuwa ita ce muguwar shekarar da Kwara ta cika ta batse. Ruwa ya shanye fadama, ya shiga unguwannin gangare, shinkafar babana ko dami ɗaya ba a cira ba. Da ruwa ya janye, kowa ya koma noman rani don a samu abin sawa a baki, kuma a noman shinkafa babu abin da ya kai yaro amfani, domin shi ke tsayawa da gwangwani da majajjawa yana korar tsuntsaye daga fitowar rana har faɗuwarta. Na taɓa yi, na san daɗinsa. Muryarka ta dishe, ƙafarka ta yi kaushi a taɓo, tsuntsu kuma ya tashi daga nan ya sauka can yana kallonka. Babana mutum ne mai tsawo, marar yawan magana, wanda bai ɗauki karatun boko a bakin komai ba. Ya zo rumfar Malam ya tsaya a tsaye.

"Malam, yaron ga aro na nib ba ka," in ji shi. "Randa shinkahwa tah hidda kai, in bai zan wani abu ba nan, gona na jiranai."

"Allah shi kai mu," in ji Malam. "Manu, ka ji dai."

Na ji kuwa, har cikin ƙashina.

Aikin da ya kusa kai ni gona Gwaggo Kulu ce ta kawo shi. Ita 'yar kasuwa ce, tana kai manja da yaji tsallaken iyaka ta dawo da atamfa, a gefe kuma tana da littattafan hira da take bai wa matan aure haya gida-gida. Ruwa ya shiga ɗakinta ya jiƙa buhun littattafan daga ƙasa. Ta shanya su a kan danga, zare ya tsinke, bango ya tafi, gefen ƙasa duk ya ruɓe, nan ne kuwa lambar shafi take. Ta juye mana tulin takardu a tabarma kamar mai juye ganyen rama, ta ce littafi uku ne a nan, kuma ranar kasuwa mai zuwa take son abinta, don mata sun dame ta. Malam ya ɗaga takarda ɗaya, ya juya ta, ya ga babu lamba babu ɗan jagora. Ya ce mini ai magana ita ce jagorar kanta, in karanta ƙarshen wannan, in nemo farkon da ya dace da shi, in sun kama in ajiye, in ba su kama ba in sake nema. Ya koma kan fatarsa ya bar ni da tulin.

Ku sani, ni har ranar ban taɓa karanta littafin da ba na makaranta ba. A tunanina duk abin da aka buga da inji gaskiya ne, kamar jadawalin sau. Na farko da na ware bai ba ni wuya ba, don takardarsa ta fi sauran faɗi. Labarin wani mutum ne da ya sayi ƙwarya a hannun wata tsohuwa, da ya kai gida ya buɗe faifan sai ya tarar da kasuwa sukutum tana ci a ciki, da mahauta da masu awo da dillalan jakai, kowa bai fi tururuwa ba. In ya sa yatsa ya ɗauko buhun gero, da ya fito da shi sai ya zama cikakken buhu. Na karanta shi sau uku kafin in huda shi. A makon nan babu ƙwaryar da ban buɗe ba a gidanmu, har innata ta fara zargin ina satar fura.

Sauran biyun su ne masifa. Gidan ɗab'i ɗaya ya buga su, takarda iri ɗaya, baƙaƙe iri ɗaya, kuma duka biyun mai labarin da bakinsa yake bayarwa, na je, na gani, na ce. Ɗaya labarin wani makaniki ne mai suna Sanda, wanda ya ƙera jirgi da tsofaffin durom-durom ya tafi wata, ya tarar da mutanen ƙarfe suna zaune a ƙasar da ba a taɓa ruwa ba. Ɗayan kuma na wani mai haƙar rijiya ne, Tanko. Na yi tuli biyu, na Sanda a dama, na Tanko a hagu, ina ɗauko takarda ina karantawa ina ba kowa tasa. Abin yana tafiya lafiya, ina ta jin daɗin mutanen ƙarfe da yadda suke shan baƙin mai da rana kamar kunu, sai na iso wurin da Tanko ya haƙa gaba goma sha biyu bai tarar da ruwa ba. Ya fito ya zauna a bakin rijiyar yana cin ɗumame, sai ya ji ana kiran sunansa daga ƙasa. Ya leƙa, babu kowa. Aka sake kira. A karo na uku ne ya gane muryar, tasa ce.

Rana tsaka ne, kasuwa cike, Malam yana nan kusa da ni yana tauna goro, amma sai da na ajiye takardar na waiwaya bayana. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Da aka aike ni ɗebo ruwan dama gam, na tsaya nesa da rijiyar masallaci na jefa guga kamar mai jifan kare. Ga kuma tulin takardu bai ko kai rabi ba, kuma ba yadda za a yi ka san takarda ta Sanda ce ko ta Tanko sai ka karanta ta. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ke kai yaro ga bulala. Na ce ai Malam ma kalma ɗaya yake dubawa a ƙasan shafi. Saboda haka sai in ɗauko takarda, in kifa tafin hannuna a tsakiyarta, in karanta layin farko da layin ƙarshe kawai. In ƙarshen wannan ya kama da farkon waccan, shi ke nan. A haka na gama jerin cikin kwana biyu, na huda, na ɗinke, na yi musu bango da kwalin sabulu, na danne. Ɗinkin ya yi kyau, wannan ko maƙiyina ya shaida. Gwaggo Kulu ta zo ta karɓa tana sa mini albarka, ni kuwa har na fara tafiya ina buɗa kafaɗa.

Mako uku aka yi shiru. Wata ranar kasuwa da hantsi ina shafa gam, sai na hango Gwaggo Kulu tafe, bayanta wani ƙato yana huci da littafi a hannu. Hamani ne, ɗan ƙabilar Dandawa da ke tuƙa jirgin fito, wanda ya koyi karatu da girmansa a ajin yaƙi da jahilci, kuma tun daga nan ba ya barin ko takardar ƙunshin tsire ta wuce bai karanta ba, shi ya sa shi ma yake karɓar haya wurin Gwaggo. Ya yi sallama a gajarce ya dangwarar da littafin Sanda a gaban Malam.

"Malam, tambaya ɗaya gare ni. Wa yag gina rijiya bisa wata?"

Malam ya daina tauna goro. "Rijiya?"

"Rijiya hwa! Littahin ga da bakinai yac ce ba a ruwa can, ko raɓa babu. Bawan Allah ya gama abin da yak kai shi, ya shiga jirginai za shi gida wurin ɗiyanai, ya ja ƙarhe, sai ga shi cikin rijiya! Kuma wani abu na kiranai daga ƙasa. Abin ma ko sunan mutum bai sani ba. Sanda aka ce mai, shi ko shina ta Tanko, Tanko. Wane irin aljani na wanga, da bai san wanda za shi ci ba?"

"Ƙaƙa labarin yaƙ ƙare?" in ji Malam.

"Wa yat tsaya ƙarshe? Nan niy yada shi cikin jirgi. Kwana ukku ina tuƙi ban duba ruwa ba."

Gwaggo Kulu ta ce ita fa ba ƙara ta kawo ba, rakiya ta yi. Ɗayan littafin da ke hannunta, na Tanko, babu wanda ya kai shi farin jini, mata har layi suke yi. Wai Tanko ya kama igiya zai shiga rijiyar, ya yi bismilla, sai Allah ya ɗauke bawansa sama. Ya yi kwana arba'in yana ratsa taurari, ya sauka a garinsu ana kiɗa ana guɗa. Wata amarya a unguwarsu ta karanta ta yi kuka, ta ce ba ta taɓa ganin ishara irin wannan ba.

"To ba ku ga sunanai ya canza ba?" in ji Hamani. "Wanda yas sauka Sanda na!"

"Mun gani mana," in ji Gwaggo. "Wayo na yay yi, don kada abin cikin rijiya shi gane shi."

Dukawan da ke kusa suka fashe da dariya, har wani ya soki yatsarsa. Malam bai yi dariya ba. Ya miƙo mini littattafan biyu ya ce in nemo wurin, in karanta masa. Na buɗe na Tanko. Ƙasan shafi ya ce, "Na kama igiya, na rufe ido, na yi bismilla, sai na ji ina," na juya, saman na gaba ya ce, "tashi sama, ƙasa tana ta nisa da ni." Na buɗe na Sanda. "Na ɗaure ɗamara, na ja ƙarfen, nan take na fara," na juya, "sauka a hankali cikin duhu, ruwa yana ɗiga a wuyana." Ko yanzu kuka duba za ku ga sun kama tsaf. Kalma ta auri kalma, amma na ba kowane mutum ƙarshen ɗan'uwansa.

"Manu, ka karanta su kahin ka ɗunke?"

Na so in yi ƙarya, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, ga shaida a gaban kowa. Na ce na karanta sama da ƙasa.

"Tsakiya hwa?"

Na nuna masa yadda na riƙa kifa hannu. Ya tambaye ni dalili, na ce tsoro. A daidai nan na ɗaga kai, sai na ga babana tsaye a bakin rumfa da buhu a kafaɗa. Ban san tun yaushe yake wurin ba, amma fuskarsa ta nuna ya ji abin da ya isa. Ya gaisa da Malam, ya ce dama ya biyo ne ya faɗa shinkafa ta fara fitar da kai. Na ce a raina, ta faru ta ƙare, gobe war haka ina cikin taɓo ina yi wa tsuntsaye ihu.

Malam ya roƙe shi ya ɗan dakata, ya ce ba a barin aiki a ɓace a tafi. Ya ba ni aska ya sa na farke ɗinkin nan da nake taƙama da shi, zare bayan zare, na raba rabin Sanda da rabin Tanko. Sannan ya ce tunda shi ba ya karanta boko, ba yadda zai san na gyara sai ya ji da kunnensa. In fara daga inda Tanko ya kama igiya, in karanta da ƙarfi, kowane layi, hannuwana biyu kuma su riƙe gefen takarda inda kowa zai gan su.

Na fara da murya kamar ta sauro. Tanko ya sauka, ya sauka, hasken bakin rijiya ya koma kamar kwabo. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa bai tarar da ruwa ba, sai sawun ƙafa a cikin laka, ya gwada tasa, daidai. Kafin in kai shafi na uku dukawa sun ajiye aiki. Mai awon gero ya bar mudu a buhu ya matso. Wata Bafulatana mai nono ta tsuguna da ƙwaryarta a ka, ta manta ba ta sauke ba. Mai ƙosai ta baro kasko a wuta, sai da ƙauri ya ishi mutane aka tuna mata. Wani abin mamaki, da na ga manya sun yi tsuru-tsuru, sai nawa tsoron ya ragu, muryata ta buɗe, har na fara ja musu rai a inda ya kamata. Tanko ya ga wata kafa a jikin rijiyar, ya shiga da rarrafe, ya tarar da mutum zaune ya ba shi baya, yana tonon ƙasa da farce, sanye da irin rigarsa, har da facin da matarsa ta yi masa a kafaɗa. Sai ya ji motsi a bayansa. Ya waiwaya, igiya tana tafiya sama, ana janye ta, kuma daga can bakin rijiya ya ji muryarsa tana ce wa matarsa, na gama, mu je gida.

A nan ne Hamani ya dafa kafaɗar babana don ya ga takardar da kyau. Babana, mutumin da na taɓa gani ya kama kububuwa da hannu, ya daka tsalle ya yar da buhu. Da ya ga ana kallonsa sai ya sunkuya yana sosa ƙafa, ya ce cinnaka ne.

Na ci gaba. Mutumin ya daina tono. Ya fara juyowa a hankali. "Sai na ga," na karanta, na kai hannu in ɗauko ta gaba, babu. Na duba tulin Sanda, na ɗaga tabarma, na zazzage buhun. Gwaggo Kulu ta ce in dai ba ta cikin nan, to ruwa ya tafi da ita, ko akuya ta cinye a kan danga. Takarda ɗaya tak, ta ƙarshe.

Kasuwa ta kaure. Wani ya ce fuskar Tanko ce zai gani, wani ya ce ai wannan kowa ya sani, ba fuska ce zai gani ba sam. Bafulatana ta ce ita dai a gaya mata ko matar ta gane ba mijinta ba ne. Hamani ya ce a ba yaron nan biro ya ƙarasa, tunda ya iya kai mutum wata ya iya fito da shi daga rami. Gwaggo Kulu ta ce ita a mayar mata da shi yadda yake, da taurarinsa da guɗarsa, matanta ba su san wata rijiya ba. Malam ya bari suka gaji, sannan ya yanko farar takarda daidai girman shafin ya miƙo mini.

"Mu masu ɗunki na, ba masu ƙari ba. Inda anka rasa, hwarat takarda aka sawa, don mai karatu shi san an rasa. Ɗunke."

Wannan ita ce doka ta biyu a sana'ar nan, ta farko kuwa kun riga kun ji ta: abin da ba ka karanta ba, kada ka huda shi. Na ɗinke a gabansu. Da na ƙulle zare, Malam ya juya wurin babana ya ce ga ɗansa nan, ya ɓata ya gyara, shinkafa kuma ta yi kira, shi ba zai hana ba. Na fara tattara takalmana. Babana ya daɗe yana kallon farar takardar nan.

"Malam, littahin ga shi ɗai na a duniya?"

"A'a, da yawa aka buga su."

"Kuma dut inda wani yake, wata rana shi tsuhwa, a kawo shi ɗunki."

"Haka na."

"To shi zamna nan. Randa anka kawo mai ƙarshe, shi karanta min in ji abin da mutumin ga yag gani. Sannan shi ɗau gwangwaninai shi tahi gona."

Ya saɓi buhunsa ya tafi. Ƙanena ne ya kori tsuntsaye a shekarar, kuma har yau in muka yi faɗa sai ya tayar da maganar. Matan Gwaggo Kulu kuwa ba su yafe mini ba. Da aka mayar musu da littafin a gyare suka ce an lalata shi, wai wani yaro marar imani ya mayar da Tanko cikin rami bayan Allah ya fitar da shi.

Tun daga ranar, duk ranar kasuwa babana sai ya biyo ta rumfa, ya gaisa da Malam, ya dube ni ya ce, "An kawo?" In ce tukuna. Ya gyaɗa kai ya wuce. Ni kuma duk littafin hira da ya shigo hannuna sai na karanta shi daga bango zuwa bango, na masu tafiya taurari, da na biranen ƙarƙashin ruwa, da na matattun da ba su san sun mutu ba. Tsoron bai bar ni ba, sabo dai muka yi da shi. Na Faransanci ne kawai suka gagare ni, su lamba nake bi, in babu lamba in aika a kira mini wani tela da ya yi makaranta a tsallake, ya karanta ina hudawa.

Shekara goma sha huɗu aka yi a haka. Malam Garba ya rasu, Allah ya jiƙansa, rumfa ta dawo hannuna, na yi aure har da 'ya'ya biyu. Wata ranar Talata wani malamin makaranta da aka yi wa canji daga Zagga ya kawo mini kwali guda na littattafan da ɓera ya taɓa. Ina cikin warewa sai na ga layin da na sani, gaba goma sha biyu babu ruwa. Na juya baya da sauri. Takardar ƙarshe tana nan, ko kusurwarta ba ta karye ba. A tsaye na karanta ta. Kada ku tambaye ni abin da ke ciki, don akwai wanda ya riga ku tambaya.

Na rufe rumfa tun kafin la'asar na nufi gida. Na tarar da babana a gindin dalbejiya yana tufka igiya, lokacin tsufa ya kama shi, gona ma sai dai ya je ya duba. Na durƙusa na gaishe shi, na fito da littafin.

"Baba, an kawo."

Ya dubi littafin, ya dube ni. "Da ƙarshen?"

"Da ƙarshen."

Na buɗe, na gyara murya. Sai ya ce, "Tsaya. Ƙaƙa munka yi da Malam?"

"Kac ce randa anka kawo in karanta maka, in ɗau gwangwani in tahi gona."

"Ga shi ko shinkahwa ta hidda kai, tsuntsaye sun dame mu. Kana son komawa?"

"A'a, Baba."

Ya tofa yawu a tafi ya ci gaba da tufkarsa.

"To ba a kawo ba."

Shekara shida ya yi a duniya bayan wannan, kuma duk ranar kasuwa sai ya dogara sandarsa har bakin rumfa, ya tsaya ya ce, "An kawo?" Ni kuma in ce, "Tukuna, Baba."